Otal a Daura ba ma'aikata: wace takarda ake yi wa kuku ɗan ƙasar waje da yaran Nijar?

Badauri Mai Masauki ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar takardun shige da fice da kuma harkar otal. Masauki ne a Daura mai ɗaki 32, da kicin, da ɗakin taro mai cin mutum kamar 150. Matsalar hannu ce. Masu gyaran ɗaki ba sa wuce wata uku ko huɗu sun tafi, kicin kuma in an wuce tuwo da shinkafa da farfesu to an zo ƙarshen basira. Ga baƙi suna ƙaruwa: masu aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, masu zuwa Jami'ar Sufuri da Kwalejin Fasaha ta Tarayya, ga cunkoson Sallah da na Gani.

Abu uku ake ba ni shawara. Wasu sun ce a ɗauko babban kuku ɗan Indiya ko ɗan Labanan ya riƙe kicin. Wasu sun ce kukun Kwatano ko na Togo ya fi sauƙi kuma sun iya girkin Turawa. Masu gyaran ɗaki da wanki kuwa an ce a tsallaka Matamaye ko Damagaram a ɗebo yara, sun fi zama wuri ɗaya. Tambayata: wace takarda kowannensu yake buƙata, a ina ake yin ta, nawa take ci, kuma me ke jawo wa mai otal matsala da jami'an shige da fice? Ba na son a yi abin da daga baya za a zo a rufe mini ƙofa.

Na Ƙofar Soro ya rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji. Mutanen nan uku da ka lissafa, doka ba ta ɗauke su abu ɗaya ba, kuma yawancin masu shiga matsala daga haɗa su suke farawa.

Bari in fara da ɗan Indiya ko ɗan Labanan, don nasa ya fi tsawo. Dokar Shige da Fice ta 2015 ta hana baƙo karɓar aiki a Najeriya ba tare da izini ba, ta kuma ɗora wa mai ɗaukar aikin nauyin neman izinin. Abu na farko ba biza ba ne, kota ce, wato gurbin da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Tarayya ke ba kamfani na ɗaukar baƙo. Kamfani ake ba wa, ba mutum ba. Saboda haka in otal ɗin sunan kasuwanci kawai ka yi masa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka fara mayar da shi cikakken kamfani. Za su nemi takardun rajista, da shaidar biyan haraji, da shaidar mallaka ko hayar wurin, da bayanin banki, da bayanin aikin da baƙon zai yi da albashinsa, da tsarin koyar da 'yan ƙasa. In akwai hannun jarin baƙo a cikin kamfanin sai an ƙara da izinin kasuwanci, kuma kundin ƙa'idojin da ma'aikatar ta sabunta a 2022 ya sa jarin irin wannan kamfani kada ya gaza naira miliyan 100. Kai da kamfaninka na 'yan ƙasa ne zalla, wannan sharaɗin bai hau kanka ba.

Kotar tana fitowa ne da sunan muƙami. In aka rubuta babban kuku, to babban kuku zai yi. Ranar da jami'ai suka shigo suka tarar da shi zaune a kujerar manaja yana sa hannu a takardun kuɗi, an saɓa. Kuma ma'aikatar ba ta ba da kota don aikin da ake da masu yinsa a gida. Mai gyaran ɗaki, mai kai abinci, mai karɓar baƙi, mai gadi, kada ma ka ɓata kuɗin cike fom. Ko na kukun ma sai ka nuna irin girkin da yake da shi wanda ba a samu a nan ba, da takardun makaranta da na wuraren da ya yi aiki.

Sharaɗin da mutane suka fi raina shi ne na masu koyo. Kowane gurbi ɗaya sai an haɗa shi da 'yan Najeriya biyu masu digiri ko babbar difloma da za su riƙa koyon aikin a ƙarƙashinsa. Bisa kundin 2022 kota tana farawa da shekara uku, a sabunta ta sau biyu shekara bibbiyu, jimla bakwai, daga nan ana sa ran ɗan ƙasa ya karɓa. Wajen sabuntawa ne ake tambayar ina masu koyon, nawa ake biyansu, me suka koya. Wanda ya rubuta sunan ɗan ƙanensa da ke karatu a Kano don cike gurbi, a nan asiri ke tonuwa.

Bayan kota ta fito, sai ka rubuta masa takardar ɗaukar aiki, ya amsa a rubuce, kamfani kuma ya rubuta cewa ya ɗauki alhakinsa a gaban hukumar shige da fice. Wannan alhakin ba magana ce ta fatar baki ba: masaukinsa, halinsa, da kuɗin jirgin mayar da shi duk suna wuyanka. Da waɗannan zai nemi bizar shigowa aiki da ake kira STR daga ƙasar da yake zaune, fasfonsa da sauran aƙalla wata shida. In ya sauka, akwai kwana 90 da za a daidaita zamansa a karɓi katin CERPAC, wanda shi ne izinin zama da aiki a haɗe. An ninka kuɗin katin daga dala 1,000 zuwa 2,000 a shekara a ƙarshen 2018, kuma daga watan Mayun 2025 ma'aikatar ta mayar da harkar kota da biza da katin ta intanet, tare da tarar dala 15 a kowace rana ga wanda ya wuce wa'adinsa. Ranar da za ka biya ka duba farashin a shafin hukuma da kanka, ka biya ta nan, kada ka tura wa kowa kuɗi a asusunsa na kashin kai.

Akwai kuma harajin ɗaukar baƙi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2024, dala 15,000 ga darakta, 10,000 ga sauran ma'aikata a shekara. An dakatar da shi cikin watan Maris na shekarar bayan 'yan kasuwa sun yi ca. Na kawo shi ne don ka san iskar da gwamnati ke bi: tsananta ɗaukar baƙi take yi, ba sassautawa ba.

Inda ake faɗuwa kuwa sananne ne. A shigo da mutum da bizar ziyara ko ta kasuwanci a sa masa hular kuku, a ce za a gyara daga baya. Ba ta gyaruwa, sai ya fita ya sake shigowa da bizar da ta dace. Ko a aro gurbi daga kotar wani kamfanin gine-gine, katinsa na cewa injiniya ne a Kaduna alhali yana soya kaza a Daura. Ko a manta da rahoton wata-wata da kamfani ke miƙa wa hukumar kan baƙin da ke kan kotarsa. Ko ya ajiye aiki ya tafi ba a sanar an cire sunansa ba, gurbin ya kulle, kuma duk abin da ya aikata a gaba sunan kamfaninka ne a takardarsa.

Ɗan Benin ko ɗan Togo nasa daban ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi shiga ba biza har kwana 90, da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar. Amma shiga daban, zama da aiki daban. In zai zauna, sai a je ofishin shige da fice na jiha a Katsina a nema masa katin zama na ECOWAS, da takardar ɗaukar aiki, da amsarsa, da takardar ɗaukar alhaki, da hotuna, da kwafin fasfo mai hatimin shigowa. Kuɗinsa bai kama ƙafar na CERPAC ba. Hatimin nan shi ne ginshiƙi. Wanda ya biyo motar dare ya ratsa iyaka ba a buga masa ba, ranar shigowarsa ba ta da shaida, kuma a nan za a tsaya.

A ganina, otal mai ɗaki 32 a Daura bai kai ɗaukar nauyin hanya ta farko ba. Ta biyun tana yiwuwa.

Uwar Tukunya ta rubuta:

Malam Na Ƙofar Soro ya gama da takardu, Allah ya saka. Ni kuma Alhaji zan taɓa inda ke ciwo, ka yi haƙuri. Katsina ba ta rasa matasa masu neman aiki ba. Abin da otal ke rasawa shi ne wanda zai zauna, kuma katin zama ba ya zaunar da mutum.

Yi lissafin nan. A ce dala tana naira 1,500. Ko a farashin 2018 na dala 2,000, katin mutum ɗaya na shekara ya tashi miliyan uku. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato kuɗin katin nan kaɗai ya biya ma'aikata uku shekara guda har da saura. Ba a zo kan albashinsa da zai nema da dala ba, ga ɗaki mai na'urar sanyi da wuta dare da rana, ga tikitin hutu, ga asibiti. Faranti nawa na abincin Turawa za a sayar a Daura a wata kafin a mayar da wannan? Su kansu kamfanonin kwangila manya yawanci suna da sansaninsu da kukunsu. Kukun Kwatano ma ba kamar da ba ne, tun da naira ta faɗi a 2023 sefa ta ninka a kanta, shi kuma gida yake aika kuɗi. Duk albashin da ka yanka masa da naira, a ransa da sefa yake ƙirgawa, kuma otal ɗin Abuja ko Legas na iya ɗauke shi da waya ɗaya.

Me ke korar yaranmu? Na farko albashi ba ya zuwa ranar da aka ce. Na biyu babu ranar hutu, mutum ya shiga ƙarfe shida na safe sai goma na dare. Na uku cire kuɗi kan kowane kofi da ya fashe da tawul da baƙo ya saka a jaka. Na huɗu, wanda ba a cika faɗa ba, sunan aikin. A nan in aka ce yarinya tana aikin otal, magana ta canza, mai neman aurenta ma sai ya ja baya. Wannan ba a maganinsa da wa'azi, sai da tsari da iyaye za su gani da idonsu: mata su yi aikin safe su tashi kafin la'asar, su shiga ɗaki bibbiyu kuma ƙofa a buɗe da keken kaya a bakinta, ba mai shiga ɗakin da baƙo ke ciki, kayan aiki masu sutura da hijabi, wurin sallah da na canza kaya nasu daban. A gayyaci uba ko yaya ya zo ya zagaya kafin ta fara. Zawarawa da matan da suka manyanta sun fi kowa riƙe aikin wanki da kicin, don suna da bakin da suke ciyarwa.

Sannan a san adadin hannun da ake buƙata, don sau da yawa ƙarancin na rashin tsari ne. Mai gyara ɗaya yana iya ɗaki 12 zuwa 15 a wuni in kayan aiki sun cika. Ɗakin da baƙo ya tashi yana cin minti 30 zuwa 45, wanda yake ciki bai kai haka ba. Ɗaki 32 ko sun cika maƙil mutum uku ne, da na huɗu mai karɓar ranar hutu. Amma in zanin gado saiti ɗaya ne kacal, mai gyara zai zauna jiran ya bushe a igiya, ƙarfe biyu ta yi ɗaki bai haɗu ba, sai a ce yaran ba su da himma. Kowane gado saiti uku: ɗaya a kai, ɗaya a wanki, ɗaya a sito. Cunkoson Sallah da Gani da bukukuwan aure kuwa ba a ɗaukar ma'aikacin dindindin dominsa. A tanadi jerin mutum goma da aka riga aka koya wa ɗaukar tire da shimfiɗa tebur, ɗalibai ne ko 'yan unguwa, a kira su kwana uku a sallame su da kuɗinsu a hannu a daren ƙarshe.

Kicin kuma, abin da baƙon waje ke tsoro ba rashin girkin ƙasarsu ba ne, ciwon ciki ne. Firij kada ya haura digiri 5, firiza ta tsaya 18 ƙasa da sifili, kaza ta dahu cikinta ya kai 75, abincin da ke jiran masu taro ya zauna sama da 60, dafaffe kada ya wuce awa biyu a zafin ɗaki. A watan Afrilu a Daura awa biyun ma ta yi yawa. Katakon yanka nama daban da na salak. A sayi ma'aunin zafi mai tsinke, a manna takarda a jikin firiza ana rubutawa safe da yamma, musamman in an ɗauke wuta da dare kuma mai janareta ya yi barci. Naman da ya narke ya sake daskarewa shi ke kwantar da baƙi. Duk mai taɓa abinci a yi masa gwajin asibiti duk wata shida, duba-gari ma za su tambaya. Kukun da ya iya miyar kuka mai kyau, in aka koya masa waɗannan da kala goma na abincin waje, ya wadatar da ɗaki 32. Makarantar koyar da aikin otal ta tarayya, NIHOTOUR, tana da reshe a Bagauda ta Kano, Kwalejin Fasaha ta Kaduna ma ta daɗe tana yaye masu karatun otal da girki. Can za a nemi masu difloma, ko a tura mutum biyu gajeren kwas.

In ma'aikatanka sun kai 25, dokar mafi ƙarancin albashi ta hau kanka kai tsaye. Kuma Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya cika wata uku. Takardar nan ta shafi ɗaya tana zaunar da mutum fiye da yadda ake zato.

Ɗan Kongolam ya rubuta:

Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai maganar 'yan Nijar ba a taɓa ta ba, kuma ita ce ta fi kusa da Alhaji.

A ƙasa dai kowa ya san yadda abin yake. Daga Daura zuwa iyaka tafiyar 'yan mintuna ce, harshe ɗaya, dangi ɗaya, wani gonarsa tana can gidansa yana nan. Shi ya sa ake ɗaukar yaron Matamaye ko Magarya kamar na Zango ko Ɓaure, ba wanda ke tunanin takarda. A doka kuwa baƙo ne. Kuma tun 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS. Ƙungiyar ta sanar cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu, su ci gaba da shiga da zama ba biza har sai an ba da wata sanarwa. Wato a yanzu hanyarsa ɗaya da ta ɗan Benin, amma tasa a kan sanarwa take tsaye, ba a kan yarjejeniya ba. Mun kuma ga an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda ya gina rabin ma'aikatansa a kan mutanen tsallake ya sa wannan a lissafi.

Yadda za a yi shi daidai: ya zo da takardar shaida ta ƙasarsa mai hoto, ya shigo ta ƙofa, Kongolam ko Babban Mutum ko Jibiya, a rubuta shigowarsa. Katin allurar shawara ya zo da shi. In zai wuce kwana 90 a kai shi ofishin shige da fice a yi masa rajistar baƙi, wadda aka ƙaddamar ta kwamfuta tun 2019, a nemi katin zamansa. A buɗe fayil a ofishin otal: kwafin shaidarsa, hoto, sunan garinsu da na mai garin, da wanda ya tsaya masa a nan Daura, mutum mai gida da sana'a da aka sani. Da halin tsaron da jihar ke ciki, ma'aikacin da ke riƙe da makullin ɗakunan baƙi dole a san daga inda ya fito.

Abu biyu kada a yi. Kada a nema masa takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma don a yi masa katin ɗan ƙasa a matsayin ɗan Najeriya. Ana yi, ana ganin taimako ne don ya buɗe asusun banki, amma shaidar ƙarya ce, kuma in ta fashe da shi da wanda ya kai shi da wanda ya sa hannu duk suna ciki. Baƙon da zamansa ke kan ƙa'ida yana iya samun lambar NIN a matsayinsa na baƙo. Na biyu, kalmar "yara" da ka yi amfani da ita Alhaji, a tabbata 18 sun cika. Akwai dillalai masu kawo 'yan shekara 13 da 14, su karɓi albashin wata shida a hannunsu su ce za su kai wa iyaye. Wannan layin NAPTIP ne, hukumar yaƙi da fataucin mutane, safarar mutane ake kiransa, ba ɗaukar aiki ba. Albashi a hannun mai aiki, takardunsa ma a hannunsa. Riƙe wa ma'aikaci fasfo ko kati don kada ya gudu yana cikin alamomin aikin tilas.

Batun sun fi zama kuwa, rabinsa gaskiya ne. Suna zama da rani. Da an yi ruwan shuka cikin Yuni, ɗan ci-rani zai nemi sallama ya tafi gona, sai bayan an yanke gero ya dawo. A yi yarjejeniyar da shi tun farko a kan wata bakwai ko takwas, a san wanda zai riƙe wurin da damina.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Ƙarin haske kaɗan, don wasu na cewa ai Turai ma baƙi ne ke riƙe musu otal, me zai hana mu. Haka ne, bayan annobar korona otal da gidajen abinci a can sun rasa ma'aikata, masu su suka matsa wa gwamnatoci a buɗe ƙofa. Amma a duba yadda ƙofar take. A Ailan sai mai aiki ya tallata gurbin kwana 28 ya nuna bai samu ɗan gida ba, kuma a ƙa'ida rabin ma'aikatansa su kasance 'yan yankin Turai. A harkar otal da gidajen abinci, kuku aka fi ba wa izinin. Amurka tana da bizar H-2B ta aikin lokaci, wadda otal-otal ke amfani da ita, doka ta ƙayyade ta 66,000 a shekara, an raba gida biyu. Birtaniya kuwa a Afrilun 2024 ta ɗaga albashin da ake buƙata don bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa 38,700, abin da ya fi ƙarfin yawancin ayyukan kicin. Su da jama'arsu ke tsufa ke nan. Mu matasa ne suka yi mana yawa, ba za a sa ran Abuja ta sassauta don masu gyaran ɗaki ba.

Ga matasan da ke karanta wannan: a duk ƙasashen nan sai an sami mai ɗaukar aiki na gaske kafin izini ya fito, kuma da sunansa ake nema. Wanda ya ce ka kawo miliyoyi ya sayar maka da izinin aikin otal a Turai, ba sunan otal, ba hira da mai aikin, ba lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na tura ma'aikata waje, ka riƙe kuɗinka.

Badauri Mai Masauki ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, maganar ta shiga, musamman ta zanin gado da ranar hutu. Na ajiye batun ɗan Indiya na dindindin. Amma Malam Na Ƙofar Soro, in ana son ƙwararre ya zo na ɗan lokaci kawai, ya tsara kicin ya koyar da mutum uku ya tafi, shi ma sai an bi ta kota?

Na Ƙofar Soro ya rubuta:

A'a Alhaji, wannan yana da tasa hanyar, izinin aiki na wucin gadi da ake kira TWP. An yi shi ne don masu zuwa kafa na'ura, gyara, ko koyarwa na gajeren lokaci, galibi wata uku, kuma ba ya buƙatar kota. Kamfani ne ke nema daga ofishin Kwanturola-Janar na shige da fice, da takardun rajista, da kwafin fasfon mutumin, da bayanin takamaiman aikin da zai yi da ranar gamawa. Sai amincewa ta fito kafin ya taso. Kada a mayar da shi hanyar zama, a riƙa fita ana dawowa, ana gane wannan daga hatiman fasfo.

Amma kafin ka kai can, ka leƙa Kano da Kaduna da Abuja. Akwai kukun manyan otal 'yan Najeriya, da 'yan Benin da Togo da suka daɗe a nan da katin zamansu, masu karɓar irin wannan kwangila ta mako takwas zuwa goma sha biyu. In ɗan ECOWAS ne ka ga katinsa na asali ba hoto a waya ba, ka duba ranar ƙarewa, in aikin zai ɗore kuma a sanar da hukuma ya canza wurin aiki.

Ko wanne ka ɗauka, abin da za a rubuta a yarjejeniya shi ne abin da zai bari, ba kwanakin da zai yi ba. Kala nawa na abinci, a ce 15. Kowanne da takardarsa da Hausa: giram nawa na nama, cokali nawa na mai, minti nawa a wuta, da hoton yadda farantin zai fita. Jerin kayan da ake samu a kasuwar Daura da Katsina da waɗanda sai an aiko daga Kano, don kada ya tsara abincin da rabin kayansa ba sa zuwa. A raba kuɗinsa uku, kason ƙarshe sai ranar da masu koyon suka dafa kala goma sha biyar ɗin su kaɗai, shi yana zaune a waje, aka ɗanɗana aka amince. Wasu ƙwararrun suna ɓoye haɗin miya da na biredi su yi shi da asuba kafin kowa ya zo, don a ci gaba da nemansu. A sa a rubuce cewa ba a haɗa komai sai mai koyo yana tsaye. Su kuma masu koyon a ƙara musu albashi daga watan da suka ci gwajin, a rubuta da su cewa za su yi shekara guda, in ba haka ba otal ɗin da ke tsallaken titi ne zai ci moriyar kuɗin da ka kashe. Ka fara shi bayan ƙaramar Sallah lokacin da cunkoso ya lafa, don kafin babbar Sallah su sami wata biyu cur suna gwadawa.